Tsakanin Laraba da Juma'a: Tarihin Auna Ra'ayin Masu Zaɓen Gwamna a Ƙasar Daura da Katsina

Gabatarwa

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wannan karin magana ya yi wa manomi da ɗan kasuwa aiki shekara da shekaru, amma idan muka ɗora shi a kan tarihin zaɓen gwamna a ƙasarmu ta Katsina da Daura, za mu tarar sau da yawa Larabar ta yi ƙarya. An sha ganin ɗan takarar da ya cika fili da jama'a ya kwana a ƙasa, an kuma sha ganin jam'iyyar da ta kwashe kujeru a wannan Asabar ta rasa kujerar gwamna a Asabar mai zuwa. Abin da muke so mu bibiya a wannan maƙala shi ne hanyoyin da aka bi, tun daga 1979 zuwa 2023, wajen ƙoƙarin sanin abin da ke zuciyar mai zaɓe kafin ranar zaɓe, musamman idan 'yan takara sun wuce biyu. Za mu tsaya a Kongolam, garin kan iyaka da ke ƙaramar hukumar Mai'aduwa a masarautar Daura, mu mai da shi ma'auninmu. Dalili kuwa shi ne, duk lissafin da bai kai ga mutumin Kongolam ba, to lissafin birni ne kawai, ko da an lulluɓe shi da sunan jiha baki ɗaya.

Maganar ba ta wasa ba ce. Idan aka cika wa mutane ciki da cewa nasara tasu ce, ranar da sakamako ya fito saɓanin haka ba za su yarda cewa sun faɗi ba, sai dai su ce an yi musu fashi. Wani lokaci gaskiya suka faɗa, wani lokaci kuwa ma'auninsu ne ya yaudare su. Rashin hanyar bambance waɗannan biyu ya jawo asarar rayuka da dukiya a Arewa.

Ma'aunan da muka gada

Kafin a san wani abu wai shi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, 'yan siyasarmu suna da nasu ma'aunan guda uku. Na farko shi ne taro. A ranar lacca akan dubi yawan motoci da dawakai da ƙurar da ta tashi, a ce ai magana ta ƙare. Na biyu shi ne bakin manya, wato hakimi da dagaci da mai unguwa da attajirin gari, waɗanda akan ɗauka duk inda suka karkata nan talakawansu za su bi. Na uku shi ne masu duba da masu bugun ƙasa, waɗanda ba mu taɓa jin wanda ya gaya wa mai ba shi kuɗi cewa zai faɗi ba.

Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da inda yake yoyo. Taro dai ba shi da rajista. Yaron da bai isa zaɓe ba yana ciki, baƙon da aka ɗauko daga wata ƙaramar hukuma yana ciki, wanda ya zo kallon mawaƙi yana ciki, kuma mutum guda kan halarci laccar jam'iyyu uku a mako ɗaya, ya karɓi hular kowa. Bakin manya kuwa ya yi tasiri ƙwarai a Jamhuriya ta Farko, lokacin da 'yan doka da kotun alkali da gidan yari ke hannun En'e, kuma tsayawa a bayan tauraron NEPU a maimakon fartanyar NPC na iya jawo wa mutum ɗauri. To amma wannan tsoron shi ne ya koya wa talaka darasin da har yau bai manta ba, wato ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya koyi ya ce wa mai unguwa "ranka ya daɗe, muna tare", sa'an nan ya shiga ɗakin zaɓe ya yi abin da ransa ya ba shi.

Akwai kuma wani gado da ya kamata mu riƙe a zuciya. Shekaru da dama, duk baƙon da ya shigo ƙauye da takarda da alƙalami yana tambayar mutum nawa ne a gidan nan, ko shanu nawa ne a garken nan, haraji ko jangali ya kawo shi. Saboda haka ɓoye gaskiya ga mai ƙidaya ya zama dabarar tsira. Duk mai son auna ra'ayin jama'a a ƙasar Hausa da wannan gadon zai fara cin karo.

Shekarar 1979: jam'iyyu biyar, kujera ɗaya

A 1979 babu jihar Katsina. Daura tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 14 na tsohuwar jihar Kaduna, bakwai a ɓangaren Katsina, bakwai a ɓangaren Zazzau. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN wadda ta tsayar da Alhaji Shehu Shagari, da UPN ta Cif Obafemi Awolowo, da NPP ta Dokta Nnamdi Azikiwe, da GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, da PRP ta Malam Aminu Kano. An tsara zaɓuɓɓukan daki-daki: na 'yan majalisar dattawa ranar 7 ga Yuli, na wakilai ranar 14, na majalisun jihohi ranar 21, na gwamnoni ranar 28, sa'an nan na shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta.

Wannan tsari ya zama tamkar ma'auni mai hawa-hawa, kowace Asabar tana nuna alamar mai zuwa. A ranar 21 ga Yuli NPN mai alamar gida da masara ta kwashe kusan kashi biyu cikin uku na kujeru 99 na majalisar dokokin jihar Kaduna, PRP mai alamar mabuɗi kuwa ta tsira da 'yan tsiraru. Duk mai hankali da ya dubi wannan Laraba zai ce Alhaji Lawal Kaita, ɗan takarar NPN kuma ɗan ƙasar Katsina, ya gama zama gwamna. Bayan kwana bakwai sai ga Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, masanin lissafin kuɗi daga Kaya a ƙasar Zazzau, ya kayar da shi da tazara 'yar kaɗan.

Ina ƙuri'un suka fito? Lissafi da kansa ya ba da amsa. PRP ita kaɗai ba ta da yawan da zai kai ta, kamar yadda sakamakon majalisa ya nuna mako guda kafin nan. Ke nan dubban mutanen da suka zaɓi wasu jam'iyyu a ranar 21 sun sauya hannu a ranar 28. Wanda ya ga jam'iyyarsa ba za ta kai labari ba, kuma ba ya son NPN ta haɗa majalisa da gidan gwamnati, sai ya ba wanda ya fi kusa da kayar da ita. Wannan shi ne babban sirrin takarar mutane da yawa: mai zaɓe yana da zaɓi na farko da na biyu, yana kuma da wanda ba ya so ko kaɗan, kuma sau da yawa ƙiyayyar nan ta uku ita ke jan hannunsa a ranar ƙarshe. Wani masanin siyasa Bafaranshe, Maurice Duverger, ya yi bayanin wannan ɗabi'a tun farkon shekarun 1950, inda ya nuna cewa a tsarin da mai rinjaye ke kwashe komai, ƙuri'u kan gudu daga ƙananan 'yan takara su taru a kan manya biyu.

Daɗin daɗawa, a wannan shekara ce matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa baki ɗaya, bayan an fara ba su dama a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Wato kusan rabin masu zaɓe mutane ne da ba a ganin su a filin lacca, ba su zama a majalisar ƙofar gida, kuma babu wani tarihin zaɓe na baya da za a auna su da shi.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali, kamar yadda ta Alhaji Abubakar Rimi ta yi a Kano, amma majalisar da NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, har ta tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a Nijeriya. Mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya ƙarasa wa'adin. A 1983, bayan PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, Lawal Kaita ya samu kujerar da ta kuɓuce masa, amma wata uku kacal ya yi a kanta sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu ranar 31 ga Disamba, suka ɗora ɗan Daura, Manjo Janar Muhammadu Buhari.

Shekarar 1991: ƙato bayan ƙato

An ƙirƙiro jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987. Zaɓen gwamnanta na farko ya zo ranar 14 ga Disamba, 1991, a ƙarƙashin shirin Janar Ibrahim Babangida, wanda ya magance matsalar yawan 'yan takara da ƙarfin doka: ya kafa jam'iyyu biyu rak, SDP da NRC, ya ce kowa ya shiga ɗaya. Hukumar zaɓe a ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta kawo tsarin da Hausawa suka raɗa wa suna ƙato bayan ƙato, inda masu zaɓe ke yin layi a bayan hoton ɗan takara, a ƙirga su da rana tsaka kowa na gani. A wannan zaɓe Alhaji Sa'idu Barda na NRC ya kayar da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa na SDP, wanda sai a 1999 ya samu kujerar a ƙarƙashin PDP.

Ƙato bayan ƙato ya toshe ƙofar cusa ƙuri'u a akwati, wannan gaskiya ne. Amma ya buɗe wata ƙofar. Ɗan haya yana tsaye mai gidan haya na kallon sa, mai bin bashi na kallon wanda yake bi, miji na kallon layin mata, ma'aikacin gwamnati yana tunanin wanda zai hau gobe. Mutane da yawa sun gwammace su zauna a gida. Darasin da wannan tsari ya bar wa mai auna ra'ayi shi ne, amsar da mutum ya bayar a gaban idon jama'a da wadda zai bayar shi kaɗai ba lallai su zama ɗaya ba. Mai tambayar da ya tsaya a bakin kasuwar Mai'aduwa yana tambayar mutum a gaban abokansa goma, ƙato bayan ƙato yake yi, ko da bai sani ba.

Yadda wasu suka nemi mafita

Tun da taro na ruɗi, layi kuma na tilastawa, ta yaya za a san ra'ayin miliyoyin mutane ba tare da an tambayi kowa ba? Amsar tana nan a kasuwar hatsi. Mai sayen buhun gero ba ya zazzage shi duka. Yakan soka ƙarfen nan mai rami a sama da tsakiya da ƙasan buhu, ya dubi abin da ya fito a tafin hannunsa. Amma idan ya tsaya ga abin da ke bakin buhu kawai, inda mai sayarwa ya zuba mai kyau, to ko tiya goma ya ɗiba an cuce shi. Yawan abin da aka ɗiba bai kai inda aka ɗibo shi muhimmanci ba.

Amurkawa sun koyi wannan da tsada. A 1936 wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika takardun tambaya kimanin miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta yi shelar cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt. Sunayen da ta aika wa kuwa ta tsamo su ne galibi daga littafin masu tarho da rajistar masu mota, wato masu hali, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. George Gallup, wanda ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta, amma ya yi ƙoƙarin haɗa kowane rukuni, shi ya faɗi daidai. Mujallar ba ta ƙara shekara biyu a duniya ba. Shi kansa Gallup ya sha ƙasa a 1948, a takarar da ta haɗa manyan 'yan takara huɗu, domin ya daina tambaya kusan mako biyu kafin zaɓe, alhali masu zaɓe ba su daina sauya ra'ayi ba. Ya ce Thomas Dewey ne zai ci, sai Harry Truman ya ci.

A zaɓen gwamnoni ma an ga irin haka. A jihar Kalifoniya a 1982 binciken ra'ayi ya nuna Tom Bradley, baƙar fata kuma magajin garin Los Anjalis, yana gaba, amma George Deukmejian ya kayar da shi, har aka yi ta muhawara ko wasu sun ji nauyin gaya wa mai tambaya gaskiyar abin da za su yi. A jihar Minesota a 1998 wani tsohon ɗan kokawa, Jesse Ventura, ya shiga tsakanin 'yan takarar manyan jam'iyyu biyu ya lashe kujerar da kashi 37 cikin ɗari, da taimakon matasa da sababbin masu zaɓe waɗanda masu bincike ba su sa su a lissafi ba. Kurakuran nan huɗu, wato tambayar masu hali kawai, da daina tambaya da wuri, da amsar kunya, da mantawa da sabon mai zaɓe, duk za mu sake haɗuwa da su a gida.

Shekarun 2011 da 2023: Laraba ta sake yin ƙarya

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001, ita ce kuma ta sauƙaƙa binciken ra'ayi na zamani. A 2006 Dokta Ngozi Okonjo-Iweala ta kafa kamfanin NOI mai wannan aiki. Sai dai a jiharmu tsofaffin ma'aunai ne suka ci gaba da mulki, kuma 2011 ta nuna iyakarsu. A watan Afrilu na shekarar, jam'iyyar CPC ta Janar Buhari ta lashe kujerun sanatocin Katsina uku, sa'an nan ranar 16 ga wata Buhari ya samu ƙuri'u fiye da miliyan ɗaya a jihar. Bayan kwana goma, ranar 26, Barista Ibrahim Shehu Shema na PDP ya koma kujerar gwamna, inda hukumar zaɓe ta ba shi kusan ninki biyu na abin da Alhaji Aminu Bello Masari na CPC ya samu. CPC ta yi ƙorafi ta tafi kotu, ba ta yi nasara ba. Amma ko a lokacin kowa ya san jam'iyyar ta shiga zaɓen da rauni a jiki, domin har kusan jajiberin zaɓe ana shari'a tsakanin Masari da Sanata Yakubu Lado Ɗanmarke a kan wane ne ɗan takara na halak.

A tsakanin waɗannan ranaku biyu ne tarzoma ta ɓarke a Arewa bayan bayyana sakamakon shugaban ƙasa, inda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta mutuwar mutane fiye da 800 a jihohi 12. Matashin da bai taɓa fita daga Daura ko Funtuwa ba, wanda duk inda ya waiga masoyan mutum ɗaya yake gani, ba shi da hanyar sanin abin da ke zukatan mutanen Inugu ko Fatakwal. Unguwarsa ita ce bakin buhunsa. Ba muna wanke zaɓuɓɓukanmu daga maguɗi ba ne. Shugaba Umaru 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa, ranar rantsar da shi a 2007, cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, har ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Abin da muke cewa shi ne, al'ummar da ba ta da amintaccen ma'auni ba za ta iya gane ranar da aka sace mata zaɓe da ranar da ta faɗi da gaske ba.

A 2023 abin ya juya ta ɗaya gefen. Ranar 25 ga Fabrairu Alhaji Atiku Abubakar na PDP ya lashe jihar Katsina da ƙuri'u 489,045, Bola Tinubu na APC ya samu 482,283, Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya samu kusan dubu 70, duk da cewa shugaban ƙasa mai ci ɗan APC ne kuma ɗan Daura. Magoya bayan PDP suka ɗauka Juma'a ta yi kyau. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, Dokta Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya samu ƙuri'u 859,892, Yakubu Lado na PDP ya samu 486,620, Injiniya Nura Khalil na NNPP kuwa bai kai dubu 10 ba. Mai karatu zai lura cewa ƙuri'un PDP kusan suna nan inda suke, na APC ne suka kusa ninkawa, na jam'iyya ta uku kuma suka narke, kamar dai yadda Duverger ya faɗa. Wani abin lura kuma, cikin mutane fiye da miliyan 3.5 da ke da rajista a jihar, ko rabi ba su fito ba. Ashe tambayar "za ka fita zaɓe?" ta kai tambayar "wa za ka zaɓa?" nauyi.

Binciken zamani ma bai tsira ba a wannan shekara. Gidauniyar ANAP ta ɗauki nauyin binciken da NOI ya yi ta waya, na shugaban ƙasa da na gwamnoni a wasu jihohi ciki har da Legas. A wanda aka fitar a Fabrairun 2023, Peter Obi ne a gaba da kashi 21, Tinubu 13, Atiku 10, Kwankwaso 3. Magoya baya suka ɗauki waɗannan lambobi suka yi ta yayatawa, suka tsallake mafi girman lamba a takardar: fiye da rabin waɗanda aka tambaya ko dai sun ce ba su yanke shawara ba, ko sun ƙi faɗa. Obi na uku ya zo. Waɗanda suka yi shiru su suka yanke hukunci.

Abin da Kongolam ke nema daga mai ƙidaya

Bari mu koma inda muka ce za mu tsaya. Masana lissafi sun tabbatar da cewa idan aka zaɓo mutum 1,000 ba tare da son rai ba, sakamakon kan kauce wa gaskiya da kimanin kashi 3 sama ko ƙasa. Ke nan idan wani ya samu 38, wani 35, na uku 12, babu mai ikon cewa ga na gaba, balle a san inda kashi 12 ɗin nan za su koma a daren zaɓe. Ga kuma sharaɗin tsarin mulkin 1999: ban da rinjaye, dole gwamna ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, wato 23 daga cikin 34 na Katsina. Idan aka raba mutum 1,000 ga ƙananan hukumomi 34, Mai'aduwa za ta samu kimanin 30. Mutum talatin ba su isa su yi magana da yawun ƙaramar hukuma ba.

Ko su talatin ɗin ma, wa za a samu? Kongolam tana fuskantar Ɗan Barto ta Jamhuriyar Nijar, dangi a nan dangi a can, kuma ba abin mamaki ba ne ka ga mutum da layin waya na ƙasashen biyu. Matar da ke cikin gida sau da yawa da wayar mijinta ko ta ɗanta take amfani, in baƙuwar lamba ta kira namiji ne zai ɗauka. Manomi yana gona ko yana ci-rani. Wanda ya ɗauka kuma, a garin da jami'an kwastan da na shige da fice ke zaune dare da rana, me zai sa ya buɗe cikinsa ga muryar da bai sani ba? Haka kuma a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, abin da ke nuna cewa waɗanda suka fi kowa shan wahala su ne waya ta fi kasa kaiwa gare su.

Sa'an nan abin da ke damun mutumin kan iyaka daban yake da na mutumin birni. Rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agustan 2019, da hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban shekarar, sun taɓa tukunyar kowane gida a wannan yanki, kuma a zamanin mulkin ɗan masarautar aka yi su. Mai lissafi daga nesa zai rubuta ƙananan hukumomin masarautar biyar, Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure da Sandamu, a shafin "gidan Buhari" ya wuce. Amma ƙauna ga mutum da fushi da manufa suna iya zama a zuciya ɗaya, kuma tun da masarautar ba ta taɓa fitar da zaɓaɓɓen gwamnan Katsina ba, mai zaɓe a nan ba shi da ɗan gida da zai bi ido rufe a wannan kujera. Sai an tambaye shi, da harshensa, a keɓe, kuma mace ta tambayi mace.

Kammalawa

Daga 1979 zuwa 2023 abu ɗaya ya yi ta maimaita kansa: mai zaɓen ƙasarmu yana bambance kujera da kujera, yana sauya hannu idan 'yan takara sun yi yawa, yana kuma riƙe sirrinsa har ranar wanka. Binciken ra'ayi na gaskiya zai iya rage mana mugun zato, ya kuma zama shaida a kan mai maguɗi, amma na ƙarya ya fi taron yuyuyu haɗari, domin yana sanye da rigar ilimi. Saboda haka duk lokacin da aka miƙo mana lamba, mu masu riƙe da alƙalami, kafin mu ɗora ta a takarda ya kamata mu tambaya: wa ya biya kuɗin aikin, mutum nawa aka tambaya, a waɗanne garuruwa, da wane harshe, a wace rana, mata nawa ne a ciki, kuma nawa ne suka ƙi amsawa? Idan babu amsar waɗannan, mu ajiye ta. Akwai kuma dattawa maza da mata a Kongolam da Mai'aduwa da suka jefa ƙuri'a a 1979, suka tsaya a layi a 1991, kuma ba wanda ya taɓa tambayar su dalilin abin da suka yi. Suna raguwa kowace shekara, ya kamata mu je mu same su da littafi da alƙalami tun suna da rai. Allah ya sa mu dace.